Citta Tamu, Farashi Nasu

Jama'a, akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin ƙasashe masu arziki da masu tasowa, ita ce ta ciniki maras shinge. Masu arziki suna cewa kowace ƙasa ta buɗe ƙofarta, ta rage kuɗin fito, kaya su shiga su fita ba tsangwama. Wani zai ce ina ruwan mai koyon aikin malanta da wannan? To, da yawa cikinmu da kuɗin citta aka biya mana makaranta, saboda haka maganar a ƙofar gidanmu ta ke.

Ni ba na ƙin ciniki. Kafanchan kanta ciniki ne ya raya ta, tun da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927. Cittar Kwoi da Kachia da Kagarko kuwa, ba don masu saye na ƙetare ba, da ba ta yi daraja haka ba. Abin da na ke ƙi shi ne a sa kura da akuya a ɗaki ɗaya, a ce wai an yi musu adalci tun da an buɗe wa kowa ƙofa.

Mu duba masu yi mana wa'azin nan. A 1721 Ingila ta hana sayar da yawancin yadin auduga mai zane irin na Indiya a ƙasarta, domin ta kāre masaƙanta. Harajin da ta ɗora wa hatsin waje kuwa sai a 1846 ta soke shi, bayan masana'antunta sun yi ƙarfi. Amurka ta daɗe tana ba manoman audugarta tallafi, har su sayar da araha su karya farashi a duniya. A 2003 Binin da Burkina Faso da Cadi da Mali suka kai kuka taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun, ƙasar Meziko, taron ya watse ba a daidaita ba. Barazil ta kai ƙara, a 2004 aka yanke hukunci cewa tallafin ya saɓa wa ƙa'ida.

Mu ma mun ɗanɗana. Masaƙar Kaduna ta farko da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi ta a 2007. Yadin waje mai araha ya cika kasuwa, dubban ma'aikata suka koma gida, cikinsu har da 'yan wannan yanki namu. Don haka ina ganin Nijeriya ta yi daidai da ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai wadda aka gama shiryawa a 2014.

Amma fa laifi tudu ne. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri sun taimaka wajen kashe masaƙun nan, waɗannan kuwa ba Bature ya kawo mana su ba. A 2015 Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da a ke zuba masa. Wannan sakacinmu ne. Rufe iyakoki da aka yi daga 2019 zuwa 2020 kuma ya ƙara wa talaka tsadar shinkafa. Watau toshe ƙofa gaba ɗaya ba magani ba ne.

Mu komo kan citta. Manomi ya yi noma, ya tono, mata da yara su tsaga su shanya, sa'an nan dillali ya zo da farashin da aka yanka a nesa. A can ne za a niƙa ta, a tatsi mai, a yi abin sha, ribar ta zauna can. Da cuta ta lalata gonaki a 2023, galibin manoma ba su da inshora, su kaɗai suka ɗauki hasarar.

Shawarata ita ce a buɗe ƙofa sannu sannu, gwargwadon ƙarfinmu. A kāre masana'antar da ke tasowa na ƙayyadadden lokaci, da sharaɗin ta gyara aikinta. Manoma su haɗu cikin jam'iyyun gama kai, su shanya citta a kan abu mai tsabta, su niƙa ta a nan, su sayar da baki ɗaya. Mu kuma nemi kasuwa wurin tsararrakinmu, tun da Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar cinikin Afirka a Yamai a 2019.

'Yan'uwana malaman gobe, akwai namu rabon aikin. In za ku koyar da lissafi, ku sa yara su auna kuɗin buhun citta a kasuwar Kwoi da kuɗin 'yar kwalbar garinta a kanti. Yaron da ya ga bambancin da idonsa, da wuya a cuce shi a ciniki in ya girma. Allah ya ba mu sa'a, amin.