Bakwaini: Wanda Ya Zo Da Kansa Da Wanda Likita Ya Fito Da Shi

Bahaushe ya daɗe da sanin bakwaini, watau jaririn da ya faɗo a wata na bakwai, amma a wurin likitoci duk wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 yana cikin wannan ƙidaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4, kusan ɗaya cikin kowane goma, kuma tun daga 2010 lissafin bai yi wani sauyi na a zo a gani ba. Nijeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu, tare da Indiya da Pakistan da Sin da Habasha.

Sai dai mai karatu ya lura, wannan adadi ya cuɗa abubuwa biyu. Akwai naƙudar da ke tasowa da kanta kafin lokaci, saboda zazzaɓin cizon sauro ko tagwaye ko wata cuta, akwai kuma haihuwar da likita ke jawowa da gangan don ceton rai. A Amurka yawan bakwaini ya yi ta hauhawa tun daga shekarun 1980 har zuwa 2006, kuma kaso mai yawa na ƙarin daga hannun likitoci ya fito. Wasu sun zarce gona da iri, har sai da ƙungiyar likitocin mata ta can ta yi gargaɗi kada a tayar da haihuwa kafin mako 39 in babu larura.

A nawa ganin, tamu matsalar akasin wannan ce. Mace ce za a kawo asibiti jini ya hau, ƙafafu sun kumbura, jijjiga tana daf da kama ta, likita ya ce a fitar da yaro, dangin miji su ce atafau ciki bai isa ba. Allura tana tsayar da jijjiga, amma tushen cutar ba ya gushewa sai an raba uwa da mabiyiya. Jinkirin kwana ɗaya yakan cinye uwa da ɗa gaba ɗaya.

Tsoron dangi kuwa yana da dalili, don kwalabar jarirai ba kowane asibiti ke da ita ba, inda take ma sai an yi fama da wuta. To amma a 1978 wani likita a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, ya soma ɗaura bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara yin haka nan take bayan haihuwa. Matanmu gwanayen goyo ne tun fil'azal. Abin da ya rage wa ungozoma da ma'aikatan jinya shi ne su koya musu juyo da goyon gaba, tun ranar awon ciki.