Sharhi: Sunan Da Ke Fuskar Tsohon Agogo Ba Shi Ne Darajarsa Ba

A shekarar 2022 an yi gwanjon wani agogon Cartier samfurin Crash, wanda aka ƙera a Landan a 1967, kan kimanin dala miliyan ɗaya da rabi. Irin wannan labari ne ke sa matasa da dama ɗaukar tsofaffin agogunan ado na manyan gidajen kwalliya a matsayin wurin ajiyar dukiya, musamman a lokutan da darajar naira ke zubewa. Sai dai akwai buƙatar a yi hattara.

Gidajen ba ɗaya suke ba. Cartier ya daɗe a harkar: a 1904 Louis Cartier ya yi wa matuƙin jirgin sama ɗan Brazil, Alberto Santos-Dumont, agogon hannu, sannan a 1917 ya zana samfurin Tank. Hermès ya buɗe kamfaninsa na agogo a Switzerland a 1978, Chanel kuwa sai a 1987 ya fito da Première. Shi kuwa Gucci, tun daga shekarun 1970 ya bai wa wani ɗan kasuwa, Severin Wunderman, lasisin amfani da sunansa, aka yi ta ƙera agoguna masu batir da ruwan zinare ana zubawa kasuwa. Kyansu ba a magana, amma abin da ya yi yawa a hannun mutane da wuya farashinsa ya tashi.

Ko a cikin gida ɗaya akwai bambanci. Tank na jerin Must de Cartier, da ya bayyana a ƙarshen shekarun 1970, jikinsa azurfa ce da aka yi wa ruwan zinare. Wanda ya biya kuɗin zinare zalla a kansa ya yi asara tun kafin ya ɗaura.

Sannan ga matsalar jabu da ta gyara. Masu tara agoguna sun fi son fuskar asali, ko da ta ɗan kode, a kan wadda aka sake wa fenti. Goge jikin agogo don ya yi sheƙi yana cinye gefunansa, ya rage masa kuɗi. Hoton da dillali ya ɗora a Instagram ba zai nuna ko an sauya injin ciki ba.

Don haka duk mai niyyar shiga harkar ya nemi lambar agogo, ya sa amintaccen mai gyara ya buɗe bayansa, ya kuma tambayi kuɗin gyara kafin ya yi ciniki. Bahaushe ya ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma sai mai saye ya san nagarin. Wanda ke sha'awar tarihi da kyan ƙira, ya saya ya ɗaura ya more. Wanda kuma jarinsa ko kuɗin makarantar 'ya'yansa zai zuba yana jiran riba, gara ya nemi wata hanyar.