Turancin Ciniki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni fili kamar yadda ka saba, domin in faɗa wa 'yan'uwa masu karatu abin da ya sami kawuna a Ikko.

Kawun nan nawa ɗan kasuwa ne a Sabon Gari ta Kano, yana sarin tocila. A nan gida ba mai cin ransa a ciniki. Ya san tayi, ya san lokacin da za a ce albarka, ya kuma san neman gyara. Amma Turancinsa na tsintuwa ne. Ni kuwa a makarantar mishan aka koya mini nawa, na ƙware a nahawu da rubuta wasiƙa, ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake neman ragi.

Muka tafi kasuwar Alaba tare, za mu sayi tocila 100, ko wace ɗaya Naira 2,000, watau jimla Naira 200,000. Kawu ya hana ni buɗe baki, wai yaro ba ya shiga cinikin manya. Mai kanti ya ce tun da sari ne, ya rage fifteen cikin ɗari. Kawu ya ji fifty, ya tsammaci an raba masa kuɗin biyu, nan da nan ya miƙa hannu suka sallama. Da aka rubuto rasit sai ga Naira 170,000, shi kuwa 100,000 ya sa a ransa. Mutum mai mutunci ba ya ta da cinikin da ya sallama, tilas ya biya, har kuɗin motar komawa gida sai da na ara masa.

Saboda haka ina ba malaman makaranta shawara su tsananta wa yara wajen bambanta ƙidayar Turanci daga 13 zuwa 19 da ta 30 zuwa 90, gama a bakin mai sauri kusan ɗaya suke. Wanda bai tabbata ba, ya ce a rubuta masa lambar a takarda. Ba abin kunya ba ne. Sa'an nan ya tambaya ko kuɗin na each ne, watau na ɗai ɗai, ko na kayan duka, ko kuwa na dozin, wanda shi ne guda 12.

Amma inda aka fi cutar mutane shi ne lissafin da ke ɓoye cikin maganar. In an ce maka sayi goma a ba ka ɗaya kyauta, kada ka ce ragin kashi 10 ne cikin ɗari. Guda 11 ka ɗauka a kuɗin 10, ragin kashi 9 ne da 'yan kai. Haka kuma in aka rage maka kashi 10, kana aka ƙara kashi 5, ba su cika 15 ba, domin na biyun a kan abin da ya saura ake cire shi: 200,000 ta koma 180,000, ta sake komawa 171,000. Naira 1,000 ta tafi ke nan ba ka sani ba.

Kawu dai yanzu ya yarda ina zama da shi bayan sallar isha'i muna bitar ƙidaya. Jiya ya kai sixty, ya ce sauran sai gobe.

Naka,
Wani Akawu, Kano.