Sanin Sunan Tsiro Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

Ɗalibai da yawa sun ɗauki darasin rarrabe tsirrai tamkar haddar sunayen Latin kawai. Ni ban yarda ba, kuma banila ce hujjata.

Banila, wadda ke ba biskit ƙamshi, tsiro ce mai yaɗo daga dangin okid, takan hau bishiya da saiwoyin da ke fitowa a gaɓoɓinta. Jinsinta ya ƙunshi nau'o'i fiye da 100, amma akasarin wadda ake nomawa, har a Madagaska, nau'i ɗaya ce, Vanilla planifolia, 'yar asalin Meziko. Da yake yankan reshe ake dasawa, shukokin duk jini ɗaya ne. In cutar ruɓar saiwa ta kama ɗaya, sauran ba su tsira ba.

Mai yiwuwa kariyar na jikin 'yan'uwanta na daji, irin su Vanilla africana ta kurmin Afirka ta Yamma. Sai dai gane su sai mai haƙuri, domin ganyayen kan yi kama, furen da ke bambanta su kuwa galibi yini guda yake yi ya yanƙwane. Ga shi kullum sare kurmin ake yi.

Saboda haka, malamai, a fita da ɗalibai waje su duba fure su zana shi. Tsiron da ba a san sunansa ba, ba a sanin ranar ɓacewarsa.