Rancen Gidan Karkara a Tuskegee: Cancanta a Taswira, Tarnaƙi a Takarda

Ma'aikatar Noma ta Amurka tana da taswirar da ke nuna wuraren da suka cancanci rancen gidan karkara, kuma garin Tuskegee na jihar Alabama, mai mutum ƙasa da dubu goma, yana cikinta. Masu tallata shirin, wanda tushensa sashe na 502 ne na Dokar Gidaje ta 1949, ba sa gajiya da jero falalarsa. Ba a biyan kafin alƙalami. Iyalin da samunsa bai haura kashi 115 cikin ɗari na matsakaicin samun yankin ba zai iya karɓa a banki, gwamnati ta tsaya masa. Marar ƙarfi kuwa gwamnati ce ke ba shi kai tsaye, ya biya cikin shekara 33, kuɗin ruwan ma yana iya sauka zuwa kashi ɗaya. Daga nan sai su yanke hukunci cewa duk wanda ya rasa gida shi ya so.

Wannan hukunci zalunci ne, domin ya tsallake tarihin garin. Tun da Booker T. Washington ya buɗe makarantarsa a nan a 1881 yake kwaɗaitar da baƙaƙen fata su mallaki ƙasa, kuma da dama sun saya da guminsu. Sai dai yawancinsu sun rasu ba wasiyya a rubuce, a zamanin da kotu da lauya ba abin dogaro ba ne ga baƙar fata. Ƙasar ta zama gadon haɗaka, takardarta tana ɗauke da sunan kakan da ya daɗe a kabari. Jikan da ke son gini a kanta a yau, mai ba da rance zai nemi takardar mallaka marar tababa ko sa hannun magada, alhali sun warwatsu daga Shikago zuwa Ditroit. Gaskiya ne yana iya sayen gida a wani wuri, amma ma'anar hakan ita ce ya bar abin da kakansa ya tara ya ɗauki bashi mafi nauyi.

Mutanen Tuskegee sun san sharrin taswira. A 1957 majalisar jihar ta mayar da iyakar garin mai kusurwa huɗu zuwa mai ɓangare 28, ta fitar da kusan dukkan baƙaƙen fata 400 masu ƙuri'a, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a 1960. Ita kanta Ma'aikatar Noma a 1999 ta amince ta biya diyya a shari'ar Pigford, kan zargin nuna wa manoma baƙaƙe bambanci wajen rance.

An taɓuka wani abu. Dokar Alabama ta 2014 ta rage gwanjon tilas na gadon haɗaka, dokar noma ta 2018 kuma ta ƙirƙiro rancen warware irin wannan gado. Amma wannan an gudu ne ba a tsira ba: bashi ake ba mutum don ya cancanci wani bashin. Hukumar da ke da hannu a ɓarnar ita ya kamata ta biya lauya da ma'aunin ƙasa kyauta, kafin ta ƙara cewa kowa ya cancanta.