Farin Ƙyalle da Layin Fensir

A makon jiya na haska wa ɗalibaina hoton wani zane a bangon aji, na nemi su faɗi abin da suka gani. Shiru ya ɗan ratsa, sai wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai wannan takardar littafin lissafi ce." Aji ya kwashe da dariya, ni ma na dara, domin yaron bai yi ƙarya ba. Abin da ke jikin bangon fari ne mai ratsin toka-toka, da layuka a tsaye da a kwance suna gilma juna. Sunan zanen "Bishiya", amma babu reshe, babu ganye. Da na gaya musu cewa a 2023 an sayar da wani zanen wannan mata a kan dala miliyan 18.7, sai dariya ta koma salati. Sai dai tsada ba hujja ba ce, kuma ba ita ta sa na kawo zancen wannan shafi ba.

Mai zanen ita ce Agnes Martin. An haife ta a 1912 a lardin Saskatchewan na Kanada, ƙasar gonakin alkama mai shimfiɗaɗɗen fili. Ta koma Amurka tana budurwa, ta yi karatun koyarwa, ta kuma yi aikin malanta. Sai a 1958, tana da shekara 46, ta yi baje kolin farko na ita kaɗai a New York. Akasarin abin da ta zana kafin lokacin, hotunan mutane da na wurare, ita da kanta ta lalata shi. Ke nan farin ƙyallen da ɗalibina ya raina ya biyo bayan shekaru masu yawa na gwaji da zubarwa.

Ana sanya ta cikin masu salon taƙaitawa, wato zanen da ba ya kwaikwayon surar komai, wanda kuma ke rage launi da siffa har sai abin da ba makawa ya saura. Ita ba ta yarda da wannan laƙabi ba. Da yawa daga masu salon suna so a ɓatar da sawun hannun ɗan Adam, har sukan ba masana'anta ƙirar aikinsu. Ita kuwa da hannunta take jan kowane layi, da fensir da gajeriyar rula, a kan ƙyalle mai ƙafa shida tsawo da ƙafa shida faɗi.

A nan sirrin yake. Ƙyallen zane saƙa ne, yana da kaushi. Idan fensir ya bi ta kansa sai ya riƙa tuntuɓe da zare: nan ya yi duhu, can ya dusashe, wani wurin ya yanke kafin ya ci gaba. Masu nazarin aikinta sun lura cewa zane guda yana da fuska uku. Wanda ya matso kusa zai ga zare da rawar hannu. Idan ya ja baya kaɗan sai layukan su narke, su zama kamar hazo. Idan ya ƙara nisa sai ƙyallen ya daskare kamar bango. Duk wanda ya taɓa sayen farar shadda ya san wannan ilimi. Yadi biyu fari fat ne daga nesa, amma gwani sai ya karkata su ga haske, ya murza da yatsa, sannan ya yanke hukunci. Abin da na nuna a aji hoto ne daga intanet, wanda ya shafe kaushin, ya bar layuka kawai. Laifin nawa ne da na majigi.

To, daga ina ilhama take zo mata? Ta bayyana cewa tana tunanin bishiyoyi ne, da yadda ba su da laifi ko mugun nufi, sai siffar layukan ta faɗo mata a rai. Ba surar bishiya ta nema ba, abin da mutum ke ji a ƙirjinsa idan ya tsaya gabanta ta nema. Masu sharhi kan danganta aikinta da filayen da ta tashi a ciki, ko da saƙar ƙawarta Lenore Tawney, ko da falsafar Zen da ta Tao da ta karanta. Ita dai ta nace cewa ba wurare take zanawa ba, farin ciki da natsuwa take zanawa. Takan zauna ta jira har siffar ta bayyana a zuciyarta, ƙarama kamar kan sarki, sannan ta cika takardu da lissafi don ta faɗaɗa ta. Idan aikin bai gamsar da ita ba, wuƙa take sa masa.

A 1967, sunanta na tashe, ta tattara ta bar New York, ta kuma ajiye fenti kusan shekara bakwai. Ta zauna a hamadar New Mexico, inda ta gina ɗakin tubali da hannunta. Kada mu ƙawata wannan kaɗaici fiye da kima, domin ta yi fama da taɓin hankali, an kuma kwantar da ita a asibiti ba sau ɗaya ba. Natsuwar da ke cikin zanenta ba gado ta yi ba, da ƙyar ta ƙwato ta. Ta dawo aiki a 1974 da ratsin launuka marasa ƙarfi, shuɗi-shuɗi da ja-ja, ta ci gaba har ta rasu a garin Taos a 2004, tana da shekara 92.

Ba na tilasta wa kowa son wannan zane. Mai cewa bai taɓa ransa ba yana da haƙƙinsa, muddin ya tsaya ya duba. Damuwata ita ce hukuncin gaggawa. Waya ta koya mana goge hoto da babban yatsa kafin ido ya zauna, har mun fara ɗaukar duk abin da ba ya ihu a matsayin wofi. Ina ganin tabon wannan a teburina kowace shekara: kundin bincike mai shafi ɗari, wanda ainihin maganarsa ba ta wuce shafi goma ba, domin ɗalibi ya yi imani cewa nauyin takarda shi ne nauyin ilimi. Mu malamai ma muna da hannu, tunda mukan auna kauri kafin mu karanta. Alhali Bahaushe ya riga ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Ragewa ta fi ƙari wuya, domin sai wanda ya san abin da yake nufi ne ke iya sanin abin da zai zubar.

Kafin mu tashi na ba ajin aiki: kowa ya samo takarda mai kaushi, ya ja layi hamsin da fensir, tazararsu ɗaya, ba gogewa. Mai maganar littafin lissafi ya kawo tasa shekaranjiya. A layi na goma sha bakwai hannunsa ya goce, kuma ya ce tun daga nan idonsa ya kasa barin wurin.