A YI HATTARA WAJEN ZAƁEN MAI SAYAR DA WUTAR LANTARKI

Tun daga shekarar 1972 da aka kafa Hukumar NEPA har zuwa 'yan shekarun nan, mai shago a ƙasar nan bai san wani abu wai shi zaɓen wanda zai sayar masa da wutar lantarki ba. Wanda duk ya ja waya zuwa ƙofar shagonsa shi ne ubangidansa, in ya kawo wuta a gode, in ya ɗauke a ta da janareta. Ko da aka fara miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni 11 a watan Nuwamba na 2013, ba abin da ya sake ta wannan fuska, domin kowane kamfani an yanka masa yankinsa. Mutumin Agege da na Mile 12 na kamfanin Ikeja ne, na tsibirin Ikko na kamfanin Eko ne, na Sabon Badun kuwa na kamfanin Ibadan ne, ko yana so ko ba ya so.

To, yanzu fa al'amari ya fara juyawa. A cikin 2023 an gyara tsarin mulkin ƙasa, aka kuma kafa sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba jihohi ikon shirya tasu kasuwar wuta da ba da lasisi ga masu sayarwa. Jihohin Inugu da Ekiti da Ondo na cikin waɗanda suka fara karɓar wannan iko a 2024, Jihar Ikko kuma ta kafa tata dokar a watan Disamba na wannan shekara. A garin Aba an buɗe tashar kamfanin Geometric a watan Fabrairu na 2024, domin ba da wuta ga ƙananan hukumomi 9 na Jihar Abiya. Ga kuma ƙananan kamfanoni masu kafa injin gas ko allunan hasken rana a cikin kasuwa su ja wa shaguna waya, irin yadda aka fara a wajajen 2018 a kasuwar Sura ta Ikko, da Ariaria ta Aba, da Sabon Gari ta Kano.

Abin da ya kamata 'yan Arewa mazauna Kudu su fahimta shi ne, wannan zaɓi ba ga mutum ɗaya ya zo ba. Dokar 2017 da ta yarda a sayi wuta kai tsaye daga masu samar da ita, manyan masana'antu ta shafa, masu shan wutar da ta fi ta unguwa guda. Mai injin niƙa, da tela, da mai walda, da mahaucin da ke ajiye nama a firiza, ba wanda zai ja wa ɗayansu waya shi kaɗai. Amma in shaguna ɗari biyar suka haɗa kai, to sun zama mai saye babba, wanda kamfani zai zo ya zauna da shi a yi ciniki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka nauyin yana kan shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa, su ne za a kawo wa takarda, sa hannunsu kuma shi zai ɗaure kowa.

A nan ne haɗarin yake, domin abin da ya fi saurin jan hankalin mutane shi ne araha. Ba laifinsu ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 janareta ya zama kaya, sa'an nan a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya na masu rukunin A zuwa N225, kafin a ɗan rage daga baya. Wanda ya sha wannan, duk wanda ya zo masa da farashi mai sauƙi sai ya ga kamar ya tsinci dami a kala. Amma ƙasashen da suka riga shiga wannan hanya sun ɗanɗana kuɗarsu. A Ingila, da kuɗin gas ya tashi a 2021, kamfanonin sayar da wuta fiye da 20 suka durƙushe, da yawansu kuwa da araha suka tara jama'a. A Jihar Texas ta Amurka, lokacin matsanancin sanyin watan Fabrairu na 2021, waɗanda suka yarda farashinsu ya riƙa hawa da sauka tare da na kasuwa sun wayi gari da bashin dubban daloli na wutar 'yan kwanaki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Don haka kafin a tambayi nawa ne yunit, a fara tambayar awa nawa za a ba da wuta a rana, kuma me kamfanin zai yi in ya kasa. Ko a tsarin gwamnati alkawarin a rubuce yake: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Wutar araha da ba ta zuwa sai tsakar dare ba ta amfani tela da komai, mai ɗakin sanyi kuwa ɗaukewar yini ɗaya ta isa ta cinye masa ribar wata.

Sa'an nan a dage kowane shago ya sami mitarsa. Mita ɗaya ga layi guda, a riƙa raba kuɗi da ƙiyasi, ita ce uwar rigima tsakanin maƙwabta, mai ƙwai biyu ya biya wa mai injin niƙa. Da yake mafi yawan 'yan Arewa haya suke yi, a bincika sunan wa ke kan mitar, kuma ko akwai tsohon bashi a kanta, kada a gaji abin da wani ya ci.

Akwai kuma abin da ya shafi 'yan ci-rani musamman. In takarda ta ce akwai wani kuɗi tsayayye da za a biya kowane wata ko an sha wuta ko ba a sha ba, to wanda ya rufe shago ya tafi gida noman damina ko Sallah zai komo ya tarar da bashi na jiransa. Haka nan a duba shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, da yaushe kamfani ke da ikon ƙara farashi, da yadda za a fita in tafiya ta ƙi. In 'yan kasuwa ne suka yi karo-karo suka sayi taransifoma da wayoyi, a rubuta na wane ne su ranar da aka rabu. Daga ƙarshe a nemi ganin lasisin kamfanin, na hukumar NERC ne ko na hukumar jiha, domin nan ne za a kai ƙara in an sami saɓani.

Wani zai ce wannan dogon bincike sai ya kori kamfanin. Kamfanin da tambaya za ta kora, gara ya tafi tun yanzu. Bai dace shugabanni biyu ko uku su shiga ɗaki su sa hannu a kan takardar Turanci da ba su karanta ba. A ɗauki lauya da kuɗin ƙungiya, a fassara takardar da Hausa, a karanta ta a bainar jama'a, a kuma saurari kamfani fiye da ɗaya kafin a yanke shawara. An daɗe ana kukan rashin zaɓi, yanzu da ya fara samuwa kada a yi cinikin biri a sama. Allah ya sa shugabanni su riƙe amana.